Wanda Ya Hana A Ba Da Siminti, Ya Nuna Mana Ajin Da Ya Gina

Maganar da zan yi yau na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, har da dattawan da nake durƙusawa in gaida, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda na taka wa ƙafa ya yi haƙuri, ba da shi nake ba, da maganar da ya faɗa nake.

Duk mazaunin Sabo da sauran unguwanninmu na nan Badun ya ji labarin takardar da aka kawo wa shugabanninmu. Wasu matasa ne Kiristoci, yawancinsu 'yan arewacin Adamawa da kudancin Borno da ke neman abinci a nan kamar yadda muke nema, Margi da Higgi da Kilba da Bura, tare da abokansu Yarbawa na coci, suka haɗa gungun 'yan sa kai. A cikinsu akwai birkiloli, akwai kafintoci da masu walda, akwai ɗalibai da ba su da komai sai ƙarfin ɗaukar bulo. Niyyarsu ita ce idan rani ya shigo su tafi wani ƙauye tsakanin Michika da Madagali su sake gina makarantar firamare ta gwamnati da aka ƙone tun 2014, wadda har yau yaran garin ke karatu a gindin bishiya kusa da kangonta. Ba su nemi ladan aiki ba. Siminti suka roƙa da kwano da katako da kuɗin mota, suka kuma ce duk mai ƙarfi a cikinmu ya zo a tafi tare. Da Hausa suka rubuto takardar, domin ita ce harshen da ya haɗa mu da su.

Wasu bayin Allah sun bayar nan take. To amma kafin mako ya zagayo sai surutu ya tashi a majalisu da bakin masallatai da saƙonnin murya na WhatsApp. Wannan ya ce tarko ne. Wancan ya ce haramun ne. Wani Alhaji mai sayar da kayan gwari da ya yi alkawarin buhu goma har karen farautar 'yan mishan aka kira shi, ya ji kunya ya janye. Ni dai matsayina a fili yake: a ba su, a kuma bi su. Na bayar da abin da ya sawwaƙa, in an sake zagayowa zan ƙara. Ga dalilaina, mai karatu ya auna da kansa.

Da farko mu tuna wanda ya ƙone makarantar, domin na lura masu surutun nan suna magana kamar gobarar daji ce ta cinye ta. A shekarar 2017 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya ba da lissafin cewa daga 2009 an kashe malaman makaranta fiye da 2,295 a arewa maso gabas, wasu 19,000 sun gudu daga gidajensu, an kuma rusa makarantu kusan 1,400. A Buni Yadi, watan Fabrairun 2014, ɗalibai 59 aka hallaka a ɗakunan kwanansu. A Chibok, ranar 14 ga Afrilun wannan shekara, 'yan mata 276 aka kwashe. A Dapchi kuma, cikin 2018, aka ɗebi 110, kusan dukkansu 'ya'yan Musulmi. Madagali ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agustan 2014, Michika a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, har suka sauya mata suna.

Na sani, kuma ina faɗa wa duk Bayaraben da ya tsokane ni da zancen, cewa mu ma sun kashe mu. Sun kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a watan Mayun 2014, sun tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba mutum fiye da 100 suka rasu. Zunubinsu ba ya wuyana, ba ya wuyanka. Amma mu daina yaudarar kanmu, lokacin da suke zuba wa ajin nan fetur kabbara suke yi. Yaron da ya ga wannan yana da shekara 7 a 2014, yau saurayi ne, kuma hoton da ke kansa game da Musulmi shi ne wannan. Wa'azi dubu a rediyo cewa Musulunci addinin zaman lafiya ne ba zai goge hoton ba. Abin da zai iya goge shi shi ne ya ga mutum da hularsa da carbinsa ya naɗe hannun riga yana kwaɓa siminti a makarantar ƙannensa, la'asar ta yi ya wanke hannu ya yi sallarsa ya dawo kan aiki. Mu da muke kukan an ɓata mana suna, ga damar wanke sunan an kawo mana har ƙofar gida, muna cewa a mayar.

Sai masu cewa ai gina makaranta aikin gwamnati ne, me ya kai talaka? Gaskiya ne, aikinta ne. To amma a duba Chibok, makarantar da babu ƙasar da ba a ambaci sunanta ba a duniya. A watan Mayun 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja da alkawarin miliyoyin daloli, a 2015 aka aza harsashin sake gina ta, amma sai a 2021 aka kammala aka buɗe. Shekara 7 ke nan. Idan makarantar da shugabannin duniya suka ɗaga kwali dominta ta yi shekara 7 tana jira, yaushe layi zai zo kan firamaren ƙauyen da ko a taswira sai an sa tabarau? Yaron da ya isa shiga aji ɗaya ba ya tsayawa da girma ya jira kasafin kuɗi. Kuma mu 'yan kurmi mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. Wace gwamnati ce ta gina mana masallatanmu da Islamiyyunmu a nan? Wa ke biyan kuɗin kai gawa gida, ko belin yaronmu idan an kama shi babu gaira babu dalili? Karo-karo muke yi tun zamanin kakanninmu fataken goro da shanu. Sai yau da masu karo-karon suka zama Kiristoci muka tuna akwai gwamnati?

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce ainihin abin da ke ran mutane: wai za su yi amfani da makarantar su juya wa yaran Musulmi addini. Ba zan raina wannan tsoro ba, domin yana da asali. Makarantun mishan na zamanin Turawa da wa'azi suka zo, ba su taɓa ɓoyewa ba, kuma a nan ƙasar Yarbawa akwai gidajen Musulmi da yawa da yaro ya shiga makaranta da sunan Musulunci ya fito da wani suna. Kirista na gaskiya yana son kowa ya zama Kirista, kamar yadda ni ma nake son kowa ya musulunta. Wanda ya ce maka ba haka ba ne, daɗin baki yake yi maka.

Amma tambayar ita ce, me mai hankali ke yi da wannan tsoro? Mu dubi maƙwabtanmu. Musulmin Yarbawa sun fuskanci abin nan tun kafin a haifi iyayenmu. A 1923 suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a Legas, suka shiga gina makarantun boko nasu na kansu inda yaro zai koyi lissafi da Turanci bai rasa sallarsa ba. Yau ga jikokinsu nan likitoci da alƙalai da farfesoshi, da tabon sallah a goshi. A wannan shekara ta 1923 ɗin dai 'yan mishan suka sauka a Garkida, suka kafa cocin da ta zama Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, suka buɗe makaranta da asibiti. Kowa ya gina nasa. Mu kuma da yawa daga cikinmu muka zaɓi ƙauracewa, ga sakamakon nan muna gani a tashoshin mota da ƙarƙashin gadoji.

Kuma a lura, makarantar da ake magana a kai ta gwamnati ce, ta ƙaramar hukuma. Idan an gama ginin, makulli hannun hedimasta da sakataren ilimi zai koma, masu aikin kuma kowa ya hau mota ya dawo bakin sana'arsa. A manhajar makarantun gwamnati akwai darasin addinin Musulunci ga 'ya'yan Musulmi, akwai na Kirista ga 'ya'yan Kirista. Bulo ba ya wa'azi, kwanon rufi ba ya yi wa kowa baftisma. Abin da ke juya zuciyar yaro shi ne ya tashi ya ga waɗanda suka tuna da shi ranar da yake zaune a ƙasa, ya kuma ga waɗanda ba su leƙo ba. Idan da gaske tsoron imanin yaran nan ne ya dame ku, ai ƙauracewa ita ce hanya mafi sauri ta tabbatar da abin da kuke tsoro. Kun bar fili, sannan kuna kukan wani ya shiga.

Ga masu cewa haramun ne kuwa, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ɗan zauna gaban malamai. Amma ko ɗan Islamiyya ya san abin da ya faru bayan yaƙin Badar. Fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa, amma sun iya rubutu, Manzon Allah (SAW) ya sanya fansar kowanensu ita ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Mushrikai ne fa, waɗanda jiya-jiya suka zare takobi a kansa, aka zaunar da 'ya'yan sahabbai a gabansu. Haka nan lokacin da azaba ta yi tsanani a Makka, ƙasar Habasha ya tura sahabbansa, wurin sarki Kirista, saboda adalcinsa. To idan an yarda mushriki ya koyar da ɗan Musulmi, ta ina ya zama haramun Kirista ya ɗora wa ajin ɗan Musulmi rufi ni kuma in saya masa ƙusa? Ba coci aka ce ka gina ba. Ba zakka aka roƙe ka ba, balle a shiga zancen waɗanda ta halatta a ba su. Gudummawa ce ta makarantar da 'ya'yan Musulmi da na Kirista za su zauna a benci ɗaya. Duk wanda ya ce haramun ne ya kawo hujjarsa a gaban malamai a zauna a duba, kada ya tsaya a saƙon murya yana ɓata sunan mutane.

Akwai kuma waɗanda suka ce da ni, Malam, ka manta abin da suka yi mana? Ka manta Aba a 2000, ka manta Yelwan Shendam a 2004, ka manta Onitsha a 2006? Wallahi ban manta ba, kuma babu ɗan kurmin da zai manta. Amma ku tsaya ku saurari kalmar da kuka yi amfani da ita: “suka”. Su wa? Birkilan nan Bamargi da aka ƙone gidan ubansa a 2014, shi ne ya ɗauki adda a Onitsha? Wannan lissafi na kuɗin goro shi ne fa ainihin abin da ke kashe mu a kudu. A watan Fabrairun 2006 rikici ya tashi a Maiduguri aka ƙone coci-coci aka kashe mutane, bayan kwana kaɗan aka far wa mai shayi da mai gyaran takalmi a Onitsha, mutanen da wasunsu ko hanyar Maiduguri ba su sani ba. A Shagamu a 1999 haka, a kasuwar Shasha nan kusa da mu a Fabrairun 2021 haka, rigimar mutum biyu ta cinye shaguna da gidaje da rayuka. Kullum kukanmu shi ne, don me za a kama mu da laifin wani? To ba shi yiwuwa mu yi wannan kuka da safe, da yamma kuma mu ɗora wa yaran wani ƙauye laifin mutanen Onitsha. Wanda yake zaune a gidan haya a garin wasu, shi ya fi kowa buƙatar a daina hukuncin kuɗin goro a ƙasar nan.

Kuma idan lissafin mugunta za a yi, a yi na alheri ma. Cocin 'Yan'uwa da na ambata, yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, an kuma mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, amma shugabanninta suka tsaya kan koyarwarsu ta ƙin ramuwa. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na ɗarikar Katolika ya buɗe harabar cocinsa ga dubban 'yan gudun hijira a 2014. A watan Afrilun 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina wa waɗanda ba su da inda za su koma, a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da makaranta, da coci, da masallaci. E, masallaci, domin akwai Musulmi a cikinsu, kuma wasu daga cikin mutanensa sun soke shi a kan haka. Mu ma muna da namu. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Ranar da labarinsa ya bazu duk mun yi ta alfahari muna turawa a waya. Shi ransa ya sa a gaba. Mu buhun siminti aka nema.

Wani abin da ya kamata ya taɓa mu a matsayinmu na 'yan kasuwa shi ne abin da ya faru a Michika bayan mutane sun koma gida. Zargi da ƙiyayya suka yi yawa har ranar kasuwa aka raba, Kiristoci suka riƙa cin tasu ran Asabar, Musulmi ran Lahadi. Jama'a, kun taɓa jin inda aka raba kasuwa aka ci riba? Idan manya sun kasa haɗuwa a kan tumatir da barkono, wuri ɗaya da ya rage yaransu su san juna shi ne aji. In babu ajin, kowane yaro zai tashi da labarin da aka ba shi a gida kawai, kuma mun san irin labaran.

Ga wanda duk wannan bai dame shi ba, to ya dubi maslahar kansa. Ina yaran da aka ƙone wa makarantu suke ƙarewa? Ga su nan a wurinmu. Tirela ke sauke su da asuba, babu karatu babu sana'a, wannan ya ɗauki acaba, wancan ya tura kurar ruwa, wani ya shiga bola jari. Da gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin a 2020 da 2022, wa ya kwana da nauyinsu? Mu ne. Idan ɗaya ya yi laifi, rumfarka ake ƙonawa. Kowane aji da aka rufa a Madagali ko Gwoza ko Bama, nauyi ne aka rage wa Sabo da Agege da Mile 12.

Sai hujja ta ƙarshe, wadda ta fi sauran kama da gaskiya: namu Islamiyyun ma suna yoyo, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Na yarda suna yoyo. Amma tun yaushe suke yoyon? Shekara nawa muna wucewa ta gabansu? Na lura ba a tuna yoyon Islamiyya sai ranar da aka zo neman taimakon wani abu daban, da zarar mai roƙon ya tafi kuma an manta da ita. Kuɗin da muke liƙi da shi a biki ɗaya, ko wanda ake kashewa wurin tarbar ɗan siyasa da ba zai sake waiwayarmu ba sai bayan shekara 4, ya isa ya rufe Islamiyyar ya kuma sayi kwanon makarantar can. Wanda ya ce shi nasa na Islamiyya ne, madalla, ya kawo a rubuta a gani, ni zan fara yi masa godiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya hana can, bai bayar a nan ba, sannan ya zagi wanda ya bayar.

Ban ce a bayar da ido rufe ba. Kuɗin jama'a amana ne, ko a hannun liman ko a hannun fasto. Shawarata ga shugabanninmu ita ce a kira matasan nan a zauna da su a fadar Sarkin Hausawa a rubuta sharuɗɗa. A ga takardar amincewar ƙaramar hukuma da ta dagacin garin. A sayi kayan da hannunmu a Mubi ko Yola a karɓi rasit, maimakon miƙa tsabar kuɗi. A sa mutum biyu daga cikinmu a kwamitin aikin. A tabbatar kwamitin iyayen yara na makarantar ya ƙunshi Musulmi da Kirista. A tambayi jami'an tsaro halin hanya kafin a tashi, domin ƙurar yankin ba ta gama kwanciya ba. Sannan mu ɗauki nauyin alawus na malamin addinin Musulunci ko da na shekara guda ne, in har makarantar ba ta da shi. Idan suka ƙi waɗannan sharuɗɗa, to masu zargi sun yi gaskiya, kowa ya riƙe kuɗinsa. Idan suka karɓa, bakin kowa ya mutu.

Kuma a tura yaranmu. Muna da birkiloli da kafintoci da masu fenti a Sabo da suka fi ƙarfin a kira su 'yan kallo. Mako biyu na aiki tare, ci a kwano ɗaya, kwana a tabarma ɗaya, zai koya musu abin da taron zaman lafiya na otal ba zai koya wa kowa ba.

Alhajin da aka kunyata ya janye buhunsa goma, ina roƙonsa da girman Allah ya dawo da su, babu abin kunya a cikin abin da ya yi niyya. Masu hana shi kuma, iyayena ne da yayyena, ban raina kowa ba, tambaya ɗaya ce tawa gare su: tun daga 2014 zuwa yau, aji nawa kuka gina a ƙasar da aka ƙone? In akwai, a nuna mana mu je mu taya. In babu, a matsa wa masu aiki su wuce.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.